Awarwaro da Tiyar Gero

Ni ba ɗan maƙera ba ne, ba kuma ɗan dillalai ba. Mahaifina manomi ne a wajen Galadi, kuma da gonarsa ta ishe mu da ban taɓa riƙe sikeli ba. Da ƙafata na shigo Ƙaura. Na fara da tallan zobba a faranti bakin tashar jirgi, daga nan na samu wurin shimfiɗa tabarma a layin masu azurfa, daga tabarma na yi akwati mai gilashi. Ba wanda ya ɗora ni. Duk abin da na sani a sana'ar nan sai da na yi asara a kansa kafin na san shi.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato matata ta rasu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun daga nan abinci ɗaya ne nake ci da mutane, shi ne na layi. Mu masu azurfa muna da al'ada, ko a Ƙaura ko a Shinkafi ranar Alhamis: in an sallame azahar sai a haɗa kuɗi a sayo fura da nono a babbar ƙwarya, a zauna a rumfar babbanmu, wani Alhaji mai ƙiba da son raha, ludayi ya yi ta zagawa. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda mota ta zubar a hanya. A nan kuma ake tsayar da yadda ciniki zai tafi.

Cinikinmu mafi yawa musaya ne. Matan Fulani da matan ƙauye su kawo tsohuwar azurfa, karyayyen awarwaro, ɗan kunnen da ya rasa ɗan'uwansa, tsohon riyal da ya suɗe. Mu auna, mu ba su sabon abu wanda bai kai nasu nauyi ba. Wannan ɗan ragin shi ne komai: shi ne ladan maƙeri, shi ne gawayi, shi ne kuɗin mota, shi ne tuwona. Mai saye ta tafi tana jin ba ta kashe ko kwabo ba. Tun da na shiga layi ban taɓa jin wani ya buɗe baki ya ce aikin hannu kaza yake ba. Nauyi kawai ake faɗa.

Kayana duka daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, wani tsohon maƙerin fari a Zurmi. Murɗaɗɗen awarwaro yake yi, ya ja azurfa ta zama waya, ya haɗa uku ya murɗe, ya yi wa bakunan ado da ɗan ƙarfe. Mace in ta taɓa sa nasa takan gane shi daga nesa a hannun wata. Don shi ake tsayawa gaban akwatina, ba don kyan fuskata ba. Yana aiki da babban ɗansa, magidanci mai mata da 'ya'ya, shi ke zuga wuta, shi ke jan waya. In na kai musu tsohuwar azurfa suka ƙera, sai in tura abin da na ga dama ƙarƙashin buzun da tsohon ke zama a kai. Ba ya dubawa a gabana. Haka ya tarar ana yi wa mahaifinsa.

Da Shari'a ta zo, mutane suka shiga tambayar malamai komai, har abin da suka tashi suka tarar kakanninsu na yi. Wata Alhamis a Shinkafi wani malami mai wa'azi kusa da kasuwa ya taɓo mu. Ya ce azurfa da azurfa in za a musanya sai nauyi ya zo daidai, hannu da hannu, in ɗaya ta fi ɗaya an shiga riba irin wadda aka hana. Ina tsaye a wurin da butata. Da aka watse na bi shi.

Na ce, "Allah shi gafarta malam, to maƙeri fa? Da mi za a biya shi?"

Ya ce, "Ku raba cinikin biyu. Ka sayi tsohuwarta da kuɗi, a gama. Ka sayar mata da sabuwa da kuɗi. Ko ta ba da azurfarta a ƙera mata, ta biya ladan aiki. Ba a hana ka cin guminka ba, faɗinsa za ka yi."

Magana ce mai sauƙi a bakinsa. Kafin sati ya zagayo ta riga ta shiga rugage. Mata suka fara zuwa suna cewa a auna daidai.

A wajen fura aka yi ta muhawara. Alhaji ya bari kowa ya gaji sannan ya ajiye ludayi. Ya ce, "Ku saurara. Babu macen da za ta ba ka kuɗɗi don iska. Azurhwa take gani, ita za ta biya. A saida sabo da kuɗɗin nauyinai, a ɗora ɗan na goro bisa, shi ke nan. Riba kuma mu neme ta ga kayan Kano."

Kayan Kano su ne 'yan kunne da sarƙoƙin inji masu ƙyalli, waɗanda ake sarowa dozin-dozin. Tun da Gusau ta zama babban birni matan ma'aikata suka buɗe musu kasuwa, ƙauye ma ta fara bi. Shawarar Alhaji ba ta ha'inci ba ce, kuma ga mai kayan Kano ta yi daidai. Sai dai ɗan na goron nan shi ne duk abin da zai rage wa maƙeri. Kowa ya ce to. Ni ma na ce to, don ludayi yana hannuna.

Na yi haka 'yan kasuwanni, abin da nake turawa ƙarƙashin buzu ya yi ta ƙanƙancewa. Farkon damina na je Zurmi karɓar kaya, ɗan tsohon ya raka ni har bakin hanya, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Mutumin Ƙaura, Baba ba ya hwaɗa maka, ni zan hwaɗa. Gonarmu ba ta kai mu rabin shekara, maƙera ce ke cike sauran. Bana ba ta cike ba. In anka gama girbi ni zan tahi Kurmi, can Kudu, cin rani. Baba kuma in kai shi wajen ƙanwata, a rufe wurin ga. Idanunai ma sun gaji."

Na ce, "In kuɗin aiki ya gyaru fa?"

"In ya ciyar da gidan ga, mi zai kai ni Kurmi?"

A mota na yi ta juya maganar. In an rufe maƙerar nan, na zama mai sayar da kayan dozin kamar kowa, kuma a cikin masu kayan dozin ni ne mafi ƙarancin jari. Ba ni da gona, ba ni da ɗa. Akwatin nan shi ne abin da na tara a duniya. Lokacin da ya rage mini daga shuka ne zuwa girbi.

Na koma na tambayi tsohon kai tsaye, nawa ne aikin awarwaro guda. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan surukarsa.

"Abin da ya sawwaƙa, ɗana."

"Baba, bai sawwaƙa ba, shi ya sa nake tambaya."

"Ubana bai taɓa yanka wa hannunai kuɗɗi ba. Ni ɗan ƙwadago na?"

Na ga ba zan samu komai daga bakinsa ba, sai na nemi wuri na zauna. Na bar kasuwa ta wuce ni. Na kalli narkewa, na kalli yadda wuta ke cin wani abu daga azurfar, ba ya dawowa. Na kalli jan waya, ta tsinke a sake. Na ga buhun gawayi yana sauka. Awarwaro biyu masu kyau sukan ci musu yini da mafi yawan wani yinin, su biyu, ba tashi sai salla. Daga nan na ja ɗan gefe na tambaye shi tiya nawa ta gero gidansu ke ci a rana. Ya ji kunya, amma ya faɗa.

A nan na samu bakin zaren. Naira a shekarun nan ba ta tsayawa wuri ɗaya, abin da ka tsayar da rani ya zama wasa da damina. Ciki kuwa tiyarsa ɗaya ce kullum. Na ce ladan aiki shi ne geron da gidan zai ci a kwanakin da aka yi ana aikin, da kuɗin miya a kai. Na ɗora gawayi, na ɗora abin da wuta ta ci, na ɗora mota, na ɗora nawa, don ni ma ba azumi nake ba. Da na haɗa sai da na sake haɗawa. Ya ninka abin da muke kira na goro nesa ba kusa ba. Ashe da can ma a cikin ragin nauyi mata suna biyan kusan haka, ba su sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Daga ranar, duk kasuwar da na sauka, kafin in buɗe akwati sai na bi ta layin masu hatsi na ji yadda tiya ta kwana. Sannan in zauna in faɗi farashi biyu: azurfa kaza, hannu kaza.

Wadda ta fara ji wata dattijuwar Bafulatana ce da ta daɗe tana musaya da ni. Ta sa awarwaron, ta juya hannu, ta ji daɗinsa. Na faɗa mata.

Ta ce, "Kaɗo, sake hwaɗi."

Na sake.

"Hannun nashi zan ɗaura ko azurhwar?"

"Inna, ba don hannun ba da dunƙule za ki ɗaura."

"To ba ni dunƙulen, in kai wa wanda bai san gero ba." Ta cire ta ajiye a kan gilashi a hankali, ta ɗauki ƙwaryarta. Rumfa biyu gaba ta sayi 'yan kunnen Kano. Ina kallo.

Kafin azahar labari ya gama layi. Wani ya ɗago murya daga rumfarsa, "Mai awarwaron gero, yau nawa dawa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. A wajen fura Alhaji bai yi dariya ba.

Ya ce, "Kai, mun tsaida magana kana zaune."

"Ina zaune, Alhaji. Na gwada, ba ta riƙe maƙeri."

"Naka maƙerin. In na Shinkahi sunka ji ana auna musu hannu da tiya, gobe duk su taso muna. Kai ɗaya za ka ɓata wa mutum goma ciniki?"

"Ban ce kowa ya bi ni ba."

"Ai ba sai ka ce ba."

Gaskiyarsa ce ta wannan gefen, kuma na san da haka. Ba wanda ya kore ni. Alhamis ta gaba mai karɓar kuɗin fura ya zo rumfar da ke damana, ya tsallake ya tafi ta haguna. Na riga na fito da kuɗina, suna tafin hannuna. Na mayar aljihu. Da aka sallame salla na ga sun nufi rumfar Alhaji, ni na sayi ƙosai a takarda na koma bayan akwati. Daga inda nake ina jin dariyarsu, har ina iya gane wanda ya ba da labarin.

Haka daminar ta tafi. Ana gaisawa, ina kwana, ya kasuwa, ba ƙari. Da, in an tashi daga Shinkafi mukan cika mota ɗaya zuwa Ƙaura, ana tsokanar direba har gida. Yanzu sai in tarar motarsu ta cika, in jira ta masu albasa. In na isa in buɗe ɗaki, in tura akwati ƙarƙashin gado, in zauna bakin ƙofa har a kira magariba. Wani lokaci sai in lura tun safe ban yi wata magana ba in ban da farashi. An yi wa ɗaya daga cikinsu suna, mutumin da na taɓa kwana da shi a asibiti lokacin da ɗansa ba lafiya, ban ji ba sai da na ga goro a hannun mutane.

Duk da haka ina biyan tsohon sabon lada, daga jarina. Ran da na fara, ban tura ƙarƙashin buzu ba, na miƙa masa kuɗin a hannu. Ya ji kaurinsu ya ɓata rai.

"Sadaka ka kawo min?"

"Geron gidanka ne, Baba, na kwanakin da ka yi kana aikin."

"Wa ya hwaɗa maka abin da gidana ka ci?"

Ɗan ya sunkuyar da kai yana gyara gawayi. Tsohon ya ɗaga buzu da kansa ya sa kuɗin. Ya ce, "Kada sauran maƙera su ji. In sunka ji, cewa za su yi na zama ɗan kasuwa." Sai na gane shi ma yana da nasa layin.

Ba wai ban sayar da komai ba. Akan samu mai ido, ta yi tsaki, ta biya. Amma abin da ke shiga akwati ya fi abin da ke fita. Gilashi ya cika da kaya masu kyau, aljihu ya yi sauƙi. Na sayar da rediyona. Na daina sayen nama. Sau da yawa mace ta tsaya, ta taya, abin da ya raba mu kaɗan ne, in ji bakina yana son ya ce kawo. Nakan rage daga nawa, har in rage shi duka. Na hannu ban taɓa taɓawa ba, don na san in na taɓa sau ɗaya, gobe layi duka ya san ana taɓawa. Da gero ya fara fitar da kai na kai Zurmi azurfa rabin abin da na saba, don ba ni da kuɗin biyan aikin fiye da haka. Ɗan ya auna ta a tafin hannu, ya ajiye.

An fara yankan gero sai na ci kasuwar Zurmi. Wani manomi daga Birnin Tsaba, baƙi siriri, ya tsuguna gaban akwati ya daɗe. Zai aurar da 'ya'ya biyu bayan kaka, uwarsu ta ce lalle sai murɗaɗɗe irin nata. Na faɗa masa azurfa kaza, hannu kaza.

Ya ce, "Kai na mai lissahi da gero?"

Na ɗaure fuska, na ɗauka tsokana ce ta biyo ni har nan. Na ce, "Ni ne."

"To ni kuɗɗi ba ni da su sai na saida hatsi, kuma yanzu in na kai kasuwa kyauta za a karɓe. Azurhwa matata na da tsohuwa, a narka. Tunda gero kaka lissahi, karɓi gero mana."

Na buɗe baki in ce ba haka ake yi ba, sai na rasa dalili. Watanni ina auna hannun tsohon da tiya, ban taɓa tunanin a zuba tiyar ba. Na mayar da ita naira ne kawai don na saba. Mutumin nan kuwa kuɗi ne ke masa nauyi, gero yana da shi har rumbu na ƙin rufuwa. Kuma ba ya jin an cuce shi, don ya san abin da gida ke ci a rana, bai buƙaci in yi masa bayani ba.

Na ce, "Har da nawa ladan?"

"Kai ba ka cin tuwo?"

Muka tsayar. Na bi shi Birnin Tsaba ganin hatsin, kafin in fito daga gidansa maƙwabta sun taru a zaure. Kaka ce, kowa da bikin da ke gabansa, kowace mace da karyayyar azurfa a ƙasan tukunya. Na yi kwanaki ina zagaya ƙauyukan wajen, ina karɓar tsohuwar azurfa, ta kowa a ƙullinta don kada ta haɗu da ta wani, ana auna mini gero a buhu. Sussuka ta ja lokaci, wani sai ka jira matansa su gama. Ban aika Zurmi ba. Na so in isa da kayan a gani da ido, don na gaji da alkawarin baki.

Da hantsi a-kori-kura ta sauke ni ƙofar maƙera da buhunan. Ba hayaƙi. Tsohon yana zaune a kan buzunsa shi kaɗai, yana goge wani ɗan guduma da gefen riga. Muka gaisa. Ya dubi buhunan, ya dube ni. Na kwance ƙullin azurfa na jera masa, na gaya masa na wane gida ne kowanne, da abin da aka biya.

Ya ce, "Ɗana ya tahi shekaranjiya. Motar abokanai ta tashi, ya ce ba ya iya jiran wata."

Na zauna a kan buhu. Na ce, "Kai fa, Baba?"

"Ƙanwarsa na zuwa ɗaukata gobe Juma'a."

Ya jawo ƙulli ɗaya ya kwance, ya ɗaga wani tsohon awarwaro kusa da ido, ya juya shi. Ya ce wannan aikin mahaifinsa ne, ya san bakin. Ya ajiye, ya tashi da ƙyar, ya zura hannu cikin buhun da ke kusa, ya ɗebo gero ya murza, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki.

"Na bana na. Ya bushe." Ya koma ya zauna. "Ni ɗaya, abin da muka yi yini biyu sai ya ci min huɗu. Lissahinka ya ɓaci, mutumin Ƙaura."

"Sai a sake shi."

"Bakin mutum ɗaya ya ragu ga tuwo, ka cire wannan."

"Ba zan cire ba. Zai dawo ya ci."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya leƙa cikin gida ya ce a aika wa 'yarsa kada ta wahalar da kanta ran Juma'a, aikin bikin mutane yana wuyansa. Sannan ya tura gawayi cikin murhu da ƙafa, ya nuna mini wajen zugazugi da haɓa.

"Yau wace kasuwa ke ci?"

"Ta Shinkafi, Baba, yau Alhamis."

"Akwai mai jiranka can?"

Na ce babu. Na cire babbar riga na rataye a ƙusa, na naɗe hannu, na zauna.